Daɓen Tsohon Masallacinmu

Na daɗe a duniya, kuma na manta abubuwa da yawa. Yanzu sai in shiga ɗaki in tsaya ina kalle-kalle, na rasa abin da ya kawo ni. Amma ranar da muka yi daɓen tsohon masallacin garinmu, wannan kam ko daga barci aka tashe ni zan kawo ta tiryan-tiryan. Ba za ta fita daga kaina ba sai ranar da aka kai ni makwancina.

Bari in fara gaya muku yadda masallacin yake, don wanda bai san shi ba ba zai gane tsoron da na ji ba. Garinmu yana ƙasar Gwaram, gaba kaɗan da Maruta. Masallacin na ƙasa ne zalla, babu bulo, babu siminti, babu kwano. Limaminmu ya ce kakan kakansa ne ya sa aka gina shi, tun Turawa ba su san hanyar ƙasar nan ba. Wani malami ne da ya zo da shanunsa da iyalinsa ya sauka a gindin tsamiya, mutane suka taru a kansa har wurin ya zama gari. Tubalin da hannu aka mulmula shi, azarar kuwa giginya ce aka faskara a fadama aka ɗauko a kafaɗa. Kaurin bangon, ƙato zai kwanta a kai ya yi juyi bai faɗo ba. A tsakiya ginshiƙai huɗu ne, kowanne mutum biyu ba sa zagaye shi da hannu. Daga kan kowane ginshiƙi bakan gizo ya tashi, wato ginin nan mai lanƙwasa da ke ɗauke da rufi, ya je ya haɗu da ɗan'uwansa a sama kamar mutum biyu sun sunkuya suna gaisawa. Ko a tsakiyar bazara ka shiga, sai ka ji kamar ka shiga cikin randa. A bangon gabas akwai gurbin da liman ke tsayawa, ya shige cikin bango sosai, da ɗan rufinsa na kansa. Ƙofofi biyu ne kacal, ta yamma da ta arewa, kuma magabata sun yi su ƙanana da gangan. Mutum ɗaya suke ci, shi ma sai ya sunkuyar da kai, ko shi wane ne.

Baƙin da ke zuwa Birnin Kudu kallon zanen da mutanen dauri suka bari a jikin duwatsu, wasu in sun ji labari sukan hau acaɓa su ƙaraso wajenmu, su yi ta shafa bango suna ɗaukar hoto da waya. Mu dai ba mu ɗauke shi abin kallo ba. A ƙofarsa aka ɗaura aurenmu, a ƙofarsa aka sallaci iyayenmu.

Gyaransa kuwa tun asali an raba shi. Bango da rufi na maza ne, gidan Sarkin Magina ke da su, kowace shekara kafin damina su hau su yi yaɓe. Ƙasa kuwa tamu ce, ta mata. In daɓen ya tsufa ya fara farfashewa, maza su fasa shi su kwashe, su kawo sabon burji, jar ƙasar nan mai tsakuwa, su baje, mu kuma mu shiga da madaɓanmu mu daka shi har ya zama kamar dutse, muna yayyafa masa ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, har ya yi ja yana ƙyalli. Ni ce uwar daɓe a garinmu. Na gada wajen mahaifiyata, kuma ba yabon kai ba, daga nan har Wurno in aka ce ni na jagoranci daɓen ɗaki, amarya ta san jikokinta ma za su yi rarrafe a kansa. Uwar daɓe ba ta duka. Ita ke bayar da waƙa ana amsawa, ita ke zagayawa da ƙwaryar makuba da tsintsiya, ita ke cewa nan ya yi, nan bai yi ba. A gidajen biki waƙa muke yi, wata ma ba ta faɗuwa a gaban surukai. A masallaci kuwa babu waƙa, salati ne da hailala, amma bugun ɗaya ne: baki ya faɗa, hannu ya sauka.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce shekarar da aka haƙa mana rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Azumi ya gabato, Liman ya aiko aka kira ni. Na durƙusa daga bakin zaure muka gaisa, ya ce, "Inna, samari sun matsa mini a zuba siminti. Na ce musu muddin ina numfashi, ƙasar da goshin kakanninmu ya taɓa ita goshinmu zai taɓa. Saura ke. Kada ki ba ni kunya."

Na ce, "Allah gafarta Malam, yaushe na fara?"

Ya yi dariya ya ce a gaya wa mata, duk mai tsarki ta zo, salla kuma a koma gindin tsamiya har daɓe ya bushe.

To, ga inda abin ya samo asali, ko da yake ni ban sani ba sai daga baya. Burji yana son a jiƙa shi tun jajibere don ya kwanta. A zamanin mahaifiyata, daga rijiya ake ɗauko ruwan a tulu, kuma wanda ya ja guga ya ɗauko tulu a ka, ba sai an ce masa ya yi tattali ba. Yayyafi kawai ake yi. Amma a wannan shekarar ruwa ya zo har bakin masallaci a tiyo. Da la'asar samari suka ja tiyon suka shiga da shi. Wannan ya zuba ya fita, wancan ya zo ya ce shi ma ba za a bar shi a baya wajen lada ba, ya karɓa ya ƙara. Har dattawa sun sa hannu. Babu mai mugun nufi ko ɗaya, kowa aikin Allah yake yi. Ruwan ya bi ƙasa ya gangara, ya je ya kwanta a gindin ginshiƙin gaba na hannun dama, ya kwana yana cin sa. Ragowar burjin kuma, mai amalanke ya juye shi a bakin ƙofar arewa ta waje, tsibi guda har ya rufe ta, don nan ne ya fi masa sauƙin juyawa da shanu. Kun ga ke nan ƙofa ɗaya ta rage mana.

Da hantsi mata suka cika masallaci. Tsofaffi, matan aure, zawarawa, har da masu goyo da suka bar 'ya'yansu a inuwa a waje. Ana fara daɓe ne daga bangon gabas, a jeru sahu-sahu a durƙushe, ana ja da baya har a fita ta ƙofa, don kada a taka inda aka gama. Mutum biyu zan gaya muku a cikinsu. Ta farko taubashiyata ce, 'yar kawuna, mace mai murya kamar kakaki, wadda in ta ga kyankyaso unguwa za ta ji. Tun muna yara muke tsokanar juna. Ina shiga ta ce, "Ga ta nan, sarauniyar tsaye! Mu da ciwon baya, ita da tsintsiya. Wallahi in lada a hannu yake, ke yau ko na goro ba ki samu ba."

Na ce, "Ke dai daki ƙasa, raguwa. Daɓen ɗakinki ma kaji sun tone shi da ƙafa ɗaya."

Mata suka kwashe da dariya.

Ta biyu Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun tana budurwa sanƙarau ya tafi da jinta, ko aradu ba ta ji. Amma duk garin babu mai hannunta a daɓe. Ba ta jin bayarwa, ba ta jin amshi, a gwiwoyinta take jin bugun mata ta ƙasa, ta bi shi daidai ba ta kuskure. Kuma gurbin liman nata ne. Tun mahaifiyarmu na raye ita ke shiga ciki ita kaɗai, ta juya wa kowa baya, ta daka shi har ya fi ko'ina santsi. Babu mai yi mata shisshigi a nan.

Na ɗaga murya na ja salati, suka amsa, madaɓai suka sauka gaba ɗaya. Dim! Kai, ranar hannu ya haɗu. Ban taɓa jin daɓe ya hau kamar na ranar ba, har cikin ƙirji kake jin sa. Ina zagayawa ina yayyafi, ina jin daɗi a raina.

Sai na lura ƙasar tana kama madaɓi. Maimakon ta yi ƙara, sai ta yi taf-taf kamar ana dukan ƙullu. Na ce a raina, an cika ruwa. Na matsa wajen ginshiƙin gaba na dama, na ga gindinsa ya yi baƙi har zuwa gwiwata. Na sa babban yatsa na danna. Jama'a, ginshiƙin da ya girmi kakata, yatsana ya shige cikinsa kamar tuwo.

Ban gama cire yatsan ba na ji wani abu yana zubo mini a wuya. Na shafa, ƙasa ce, laushi kamar gari. Na ɗaga ido a hankali, kamar mai gyara ɗankwali. Daidai inda bakan gizo ya zauna a kan ginshiƙin, ga tsaga. Ba irin tsagar da muka saba gani ba ce, wadda gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Sabuwa ce, cikinta ja. Kuma duk saukar madaɓai sai ta buɗe ta rufe, ta buɗe ta rufe, kamar bakin kifi.

Salatin bai tsaya a bakina ba, kuma har yau ban san yadda aka yi bai tsaya ba. Na yi maza na sauke idona. Abin da ya fara zuwa bakina shi ne in ce, "Ku fita!" Amma na taɓa ganin abin da ƙofa ke yi wa mata. A wani gidan biki wata ta yi ihun maciji, aka yi zaure gaba ɗaya, aka danne wata baiwar Allah har haƙarƙarinta ya karye, kuma wannan zauren ya fi ƙofar masallacinmu faɗi. Na dubi ƙofar yamma, 'yar ƙarama can nesa, haske na shigowa ta ciki. Na dubi mata cike da ɗaki a durƙushe a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa mai santsi, ga tsofaffin da sai an ba su hannu suke miƙewa. In na yi ihu, ko rufin bai faɗo ba sai an fitar da gawa. In na yi shiru, kowane bugu yana ƙara buɗe tsagar.

Kuma ba a tashi daga daɓe haka kawai. Duk macen da ta san aikin ta san in aka fara sai an kai ƙofa, in ba haka ba ya bushe rabi da rabi ya tsage. In na ce a tashi a huta tun ba a yi nisa ba, sai sun tsaya gardama, sai sun tambayi dalili, sai wata ta bi idona ta kalli sama.

Sai na ɗaure fuska na yi abin da suka saba gani a wajena, wato faɗa. Na ce, "Kai, ku dakata! Wane irin aiki ne wannan? Ƙasa ta sha ruwa kuna ta dukanta kamar jaka. Kowa ta ajiye madaɓi, a lallashe ta da tafin hannu tukuna. Baki kuma kada ya tsaya, a ɗakin Allah muke!"

Suka ajiye suna gunaguni. A ɗan shirun da ya gitta kafin in sake ja, na ji shi. Ƙas. Ƙas-ƙas. Azara ce ke kuka a sama, kamar ana taka busasshen kara. Na yi maza na ja hailala da ƙarfin da ban san ina da shi ba, suka amsa, muryoyi suka rufe kukan. Tun daga nan na san ba zan bar bakin nan ya huta ba sai kowa ta fita.

Amma bugu ɗaya bai tsaya ba. Dim. Dim. Yaya ce a cikin gurbin liman, ta ba mu baya, ba ta ga an ajiye ba. Ta ji ƙasa ta yi shiru a gwiwarta, sai ta ɗauka gajiya muka yi, ta ƙara ƙarfi don ta ba mu kunya. Kuma gurbin nan, taku kaɗan ne tsakaninsa da ginshiƙin.

Na so in je wajenta a lokacin. Amma in na ratsa sahu na nufi gaba, idanu za su bi ni, kuma ta ƙarƙashin tsagar zan wuce. Na bar ta. Wannan barin, ku bar shi kawai. 'Yar'uwarka tana dukan abin da zai faɗo mata a ka, kai kana kallo kana rera hailala.

Na koma baya wajen ƙofa na taɓa sahun ƙarshe da tsintsiya. "Ku, ku tashi ku ɗebo busasshen burji a ƙofar arewa, kowa ƙwarya guda. A hankali, kada ku tona mini ƙasa da dugadugai." Suka fita ɗaya bayan ɗaya suna sunkuyawa. Matsalar ita ce za su dawo. Ina bukatar wanda zai tsare su a waje, kuma duk masallacin babu wadda mata ke shakkar bakinta bayan ni sai taubashiyata. Na yafito ta. Ta taso tana karkaɗe zane, tana cewa, "Yau kuma wace sabuwar bidi'a ce, daɓe da tafin hannu? Ko tsufa ya fara taɓa..."

Ba ta ƙarasa ba, ƙasa ta zubo a kafaɗar wata yarinya a sahun gaba. Taubashiyata ta bi ta da ido har sama. Na ga bakinta ya buɗe, na ga ƙirjinta ya cika da iska. Na cafke hannunta na murɗe har sai da na ji ƙashi. Na sa bakina a kunnenta na ce, "Wallahi in kika yi ihu, ke kika kashe su. Rufe bakin nan, yau ɗaya dai a rayuwarki."

Idonta ya kawo ruwa. Ta ce da ƙaramar murya, wadda ban taɓa sanin tana da ita ba, "Yaya fa?"

Na ce, "Yaya tawa ce. Ke fita ki tsaya. Duk wadda ta fito kada ta dawo, ki kai su gindin tsamiya. Ki aika a kira Sarkin Magina."

Na saki hannunta. Sai ta juya ta ɗaga murya yadda ta saba, ta ce, "To, uwar iyayi ta ce burjin ma sai an tankaɗe shi! Ku fito mu tankaɗe mata, ko ma huta da bakinta." Mata suka yi dariya. Allah ya saka wa matar nan da alheri, ban taɓa jin daɗin tsokanarta kamar ranar ba.

Haka na riƙa ɗaga su sahu-sahu. Ina bayarwa, ina nuni da tsintsiya, ina zagin mai sauri, ina ba tsohuwa hannu. Wata ta tsaya neman takalmi, na ce takalmi a waje yake, uwar mantuwa. Wata ta ce ita ba za ta tashi ba sai ta gama gefenta, na ce in ba ta tashi ba ko ɗakin 'yarta ba zan taka ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, duk sahun da ya fita amshi yana raguwa, kukan azara yana ƙara fitowa fili. Da aka zo sahun gaba, muryata ta dushe, ni kaɗai nake ja ina amsa wa kaina. Wata matashiya a cikinsu ta tsaya ta karkata kai ta ce, "Inna, mene ne ke ƙara haka?"

Na ce, "Jemagu ne, kun hana su barci. Wuce!"

Ta wuce. Na bi bayan ta ƙarshe da ido har ɗankwalinta ya ɓace a ƙofa. Sai masallaci ya rage daga ni sai Yaya, sai dim, dim, sai ƙas-ƙas.

Daga waje na ji muryar Sarkin Magina ya iso a guje, yana cewa, "Inna, fito! Fito, kada ki koma ciki!" Ban ko waiwaya ba. Na bi ta gefen hagu na ratsa, ƙasa na zubo mini a ka kamar ana sheƙe gero. Ginshiƙin ya kumbura a gindi, ya yi ciki kamar tulu.

Na dafa kafaɗar Yaya. Ta juyo a fusace, ta yi magana da ƙarfi irin ta wanda ba ya jin kansa, "Mene ne? Ban gama ba!" Sai ta leƙa bayana ta ga babu kowa. "Ina matan? Sun gudu cin tuwo ko? Ragwaye!"

Na nuna mata ƙofa, na ja hannunta. Ta fizge. Yaya ko a tsufanta ta fi ni ƙarfi, kuma a duniya babu abin da ta tsana kamar ƙanwarta ta ja ta. Na nuna sama, ba ta gani sosai a duhun nan. Na rasa yadda zan yi, hawaye ya zubo mini. Sai na kama tafin hannunta na manna shi a jikin bango.

Ta daina fizgewa. Na ga fuskarta ta sauya. Ta sauke hannun ta dafa ƙasa da shi, kamar mai taɓa goshin mara lafiya. Na ce alhamdu lillahi, ta gane. Na kama ta na yunƙura mu yi ƙofa, na riga na sa ƙafa ɗaya a waje da gurbin.

Sai ta damƙe zanena ta baya ta fizgo ni da ƙarfin da ya sa na faɗo a kanta. Ta tura ni can ƙuryar gurbin, ta danne kaina a ƙirjinta. Ina kokawa ina cewa, "Yaya, sake ni, mutuwa za mu yi!" ga wadda ba ta ji.

Ban rufe baki ba duniya ta faɗo.

Ban san yadda zan kwatanta muku ƙarar ba. Ba a kunne na ji ta ba, a haƙora na ji ta. Ginshiƙin ya durƙusa, bakan gizo biyu suka biyo shi, rufin wannan kusurwa gaba ɗaya ya sauko daidai hanyar da na yi niyyar bi da ita. Da mun yi taku uku, da a ƙarƙashinsa za a tono mu. Wani curi ya gangaro ya daki ƙafata da ta rage a waje, na ji ta yi ƙas. Duhu ya rufe, ƙura ta cika mana baki da hanci. Ina tari ina kalmar shahada, ina jin zuciyar Yaya tana bugawa a kunnena, a hankali, kamar ba abin da ya faru. Ita ta ji tahowarsa ta ƙasa tun ni mai kunne ban ji ba. Gurbin liman kuwa, da kaurin bangonsa da ɗan rufinsa, ko ɓarɓashi bai zubar ba.

Da ƙura ta lafa sai ga rana tsakiyar masallaci, inda rana ba ta taɓa shiga ba tun da aka gina shi. A waje kururuwa ta tashi, muryar taubashiyata a sama da ta kowa, ta biya bashin shirun da ta yi. "Uwar daɓe! Wayyo Allah, uwar daɓe!" Na tattara ɗan numfashin da ya rage na ce, "Muna nan! Ki rufe mana baki!" Sai na ji kuka ya koma kabbara.

Fitar ba ta zo da sauƙi ba. Samari suka so su afko ta ƙofar yamma, Sarkin Magina ya tare su da sanda, ya ce duk wanda ya taka tarin nan zai jawo sauran rufin. Wata azara tana rataye a samanmu, ƙasa na ɗiga daga bakinta, ina kallonta ina ƙirga zunubaina. Ta ƙofar arewa suka ɓullo. Maza da mata suka kwashe tsibin burjin nan da hannu da ƙwarya da madaɓai, har ƙofar ta buɗu. Sarkin Magina da kansa ya shigo yana bin bango kamar ƙadangare, ya goya ni, Yaya na biye da madaɓinta a hannu. Da muka fito ta tsaya ta dubi jama'a suna kuka suna rungumar juna, ta leƙa ciki ta ga tarin ƙasa a kan aikinta, ta ce da muryar nan tata, "An ɓata mini daɓe."

A babban asibitin Birnin Kudu aka ɗaure mini ƙafa, a can na yi farkon azumi. Liman ya zo duba ni, ya zauna ya ce, "Inna, an ƙirga mata, ban da ke babu wadda ko ƙwarzane ta samu." Shi ne ya gaya mini maganar tiyo, don Sarkin Magina ya tona gindin ginshiƙin ya tarar da laka har ƙasa. Samarin da suka zuba ruwan, su suka kwaɓa ƙasar da aka sake tayar da ginshiƙin, ba wanda ya sa su. Kafin damina an rufe. Masallacin yana nan, ginshiƙai uku na kakanni, ɗaya namu. Daɓen kuma mun koma mun yi shi bayan salla, ina zaune a kan kujera da ƙafa a miƙe ina bayarwa.

Yaya ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta. Har gobe a garinmu in an tashi labarin sai a ce ni na fitar da mata daga masallaci, kuma gaskiya ne, ni na fitar da su, ba zan yi ƙaryar ƙanƙan da kai ba. Ranar na koyi cewa wanda ke gaban mutane ba shi da ikon jin tsoro da baki, sai dai ya ji shi a ciki ya ci gaba da bayarwa har na ƙarshe ya fita. Amma na koyi wani abu da ya fi wannan wuyar haɗiya ga mace irina. Na shiga ne in ceci Yaya, ina da ido, ina da kunne, na tabbata ni na san hanya, kuma hanyar tawa kabari ce. Tun daga ranar, in na kama hannun mutum ina ja ya tirje, ba na ƙara ƙarfi. Tsayawa nake yi in tambaye shi abin da ya ji wanda ni ban ji ba.